Gidan mai mai rahusa a gabashin Kumasi: farashin allo da abin da ke shiga tanki

Duk wanda ya bi titi daga Anloga Junction ya nufi shataletalen filin jirgi, ko ya miƙe hanyar Tafo, ko ya fita ta Sofoline zuwa Abuakwa, zai tarar da gidajen mai a jere, kowanne ya kafa dogon allo a bakin titi yana nuna farashin fetur da na dizal, kuma da wuya a sami alluna uku a jere da lambobinsu suka zo daidai. Wani lokaci bambancin bai wuce 'yan pesewa ba (pesewa 100 ne sidi guda, kuɗin Ghana), wani lokaci kuwa yakan kusanci sidi guda a kan kowace lita tsakanin manyan kamfanoni masu tambarin ƙasashen waje da kamfanonin gida masu karya farashi. Wannan tazara ce ta sa neman mai mai rahusa ya zama hirar kullum a tashoshin pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, na Aboabo da Asawase, da majalisun direbobin tasi, har ma da ƙofar masallaci bayan sallar asuba, inda za ka ji ana tambayar juna ko wane gidan mai ne ya sauke farashi a daren jiya.

Gidan man da nake son yin bayani a kansa yana ɓangaren gabashin gari, a kan hanyar da nake bi tsakanin gida da wurin aiki, kuma mallakar ɗaya daga cikin kamfanonin gida ne. Na daɗe ina shan mai a wurin da ƙaramar motata, haka nan ɗan yayata da ke tuƙa pragyar da na saya masa a can yake sha kowace safiya, saboda haka abin da zan faɗa ya haɗa abin da na gani da idona da abin da littafin lissafinsa ya nuna. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin ba talla aka ba ni ba, kuma wasu daga cikin aibobin da zan kawo na ma'aikaci ɗaya ne ko biyu, bai kamata a ɗora wa kamfani gaba ɗaya ba. Hukuncina dai tun da farko shi ne wurin ya cancanci a sha mai a cikinsa, kuma rahusarsa ta gaskiya ce, amma ga wanda hanyarsa ta biyo ta nan. Wanda zai taso daga Santasi ko Kwadaso domin ita kaɗai, asara zai yi ko da bai lura ba.

Kafin a yi wa gidan mai hukunci a kan farashi, ya kamata a san iyakar abin da ke hannunsa. Tun shekarar 2015 gwamnatin Ghana ta janye hannunta daga yanke farashin fetur da dizal, ta bar kowane kamfani ya tsayar da nasa, hukumar kula da harkar man fetur ta NPA kuma, wadda aka kafa a 2005, ta koma sa ido. Farashin yana sauyawa sau biyu a wata, ranar 1 da ranar 16, bisa abin da man ya kai a kasuwar duniya da kuma yadda sidi ya tsaya a gaban dala. Duk wanda ya sha mai a watan Nuwamba na 2022, lokacin da sidi ya faɗi warwas har litar fetur ta kai sidi 17.99, dizal kuma ya kai 23.49, ya san cewa idan dala ta tashi babu gidan man da zai cece shi. Haka kuma da sidi ya yi ƙarfi a tsakiyar 2025 farashi ya sauka a ko'ina, har ƙungiyoyin direbobi suka rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari a watan Mayu, sannan a watan Yuli aka fara karɓar ƙarin harajin sidi guda a kan kowace lita domin biyan basussukan ɓangaren makamashi, kuma wannan ma ya hau kan kowa ba tare da bambanci ba.

Shi kansa man, hanyarsa kusan ɗaya ce. Mafi yawan fetur ɗin da ake sha a ƙasar nan shigo da shi ake yi ta jirgin ruwa, a sauke a Tema, domin matatar gwamnati da aka buɗe a can tun 1963 ta shafe shekaru tana aiki tana tsayawa, matatar Sentuo ta 'yan kasuwar Sin kuwa sai a Janairun 2024 aka buɗe ta. Manyan dillalai ne suke sayo man, su ajiye shi a rumbunan Tema ko a na BOST, kamfanin gwamnati na adana mai, wanda yake da defo a nan Kumasi a unguwar Kaase, daga nan tankokin kamfanoni daban-daban su yi layi su ɗiba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne tankar babban kamfani da ta ƙaramin kamfani su sha daga rumbu ɗaya a rana ɗaya. Kuɗin dakon man daga bakin teku zuwa Kumasi, tafiyar da ta haura kilomita 250, shi ma ba ya raba farashi, domin akwai asusun UPPF da ake tara wani kaso a cikinsa daga kowace lita domin daidaita kuɗin jigila, ta yadda mai shan mai a Bolgatanga ba zai biya fiye da na Accra ba saboda nisa kawai.

Idan aka cire kuɗin sayen man, da haraji, da kason hukumomi, abin da ya rage wa kamfani ya yi wasa da shi shi ne ribarsa da ta mai gidan man, da kuma irin cinikin da ya iya yi da dillali. Kamfanonin gida irin su Star Oil da Zen da Benab sun zaɓi su ci riba kaɗan su sayar da yawa, kuma dabarar ta yi aiki, domin a 2025 Star Oil ya wuce GOIL, babban kamfanin mai da gwamnati ke da hannu a cikinsa, a yawan man da ake sayarwa, alhali GOIL ya daɗe yana kan gaba. Ban da haka, tun watan Afrilu na 2024 hukumar NPA take fitar da mafi ƙarancin farashin da ba a yarda wani ya sayar ƙasa da shi ba. Abin da mai mota zai ɗauka daga wannan bayani shi ne rahusa ta halal tana da iyaka, kuma idan ka ga wani gidan mai ya yi ƙasa da kowa da tazarar da hankali ba zai ɗauka ba, to, ya kamata ka tambayi kanka daga ina yake cike giɓin.

Gidan man namu bai taɓa ba ni dalilin yin wannan tambaya ba. Farashinsa kullum yana cikin na ƙasa a yankin, amma yana tafiya ne tare da na takwarorinsa, ba ya yin wata faɗuwa ta ban mamaki. Abin da ya fi burge ni shi ne halinsa a ranakun sauya farashi. Idan aka shiga sabon zango kuma mai ya sauka, sau da yawa kafin azahar an gyara allo, alhali wasu maƙwabtansa sukan kwana biyu suna jan ƙafa da hujjar cewa tsohon kaya suke sayarwa. Idan kuwa tashi ya yi, ba ya cikin masu rige-rigen ƙarawa tun da sassafe. Lambar da ke kan allon titi kuma ita ce a kan famfo, wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin na taɓa shiga wani wuri a hanyar Ejisu saboda lambar da na hango daga nesa, sai na tarar famfon yana nuna wata daban, da na yi magana aka ce mini mai sauya allon ne bai zo aiki ba.

Amma farashi rabin magana ne, sauran rabin kuwa ma'auni ne, kuma a nan ne ya kamata mai neman rahusa ya fi tsayawa. A ɗauka, don misali, lita tana sidi 12 a babban gidan mai, tana 11.50 a mai rahusa. Idan famfon mai rahusar yana tauye rabin lita a cikin kowace lita 10, to, ya cinye kashi 5 cikin ɗari na kuɗinka, wato kusan pesewa 60 a kowace lita, ka ga ya karɓe rangwamen pesewa 50 da ya yi maka har ya ɗora. Mai mota ba zai gane haka daga allurar tankinsa ba, domin allura ba ta nuna rabin lita. Ba sabon laifi ba ne, tunda sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu, kuma a 2019 Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana, wato GSA, ta fito fili ta bayyana gidajen man da ta kama suna rage wa mutane awo. Hukumar ce take duba famfuna tana manna musu takardar shaida, kuma doka ta wajabta wa kowane gidan mai ya ajiye gwangwanin awo mai cin lita 10, wanda ake kira Ntease Kuruwa, domin duk mai sayen da ya yi shakka ya nemi a gwada a gabansa.

Mutanenmu ba su cika neman wannan gwangwani ba, wasu don ba su san da shi ba, wasu don kunya, kada a ce Alhaji guda ya tsaya yana jayayya a kan rabin lita. Ni na nema wata rana da hantsi, lokacin da babu layi. Yaron da ke kan famfo ɗan zango ne, da na faɗa masa sai ya ɗan yi turus ya ce, "Baba, lafiya dai? Ko ka ga wani abu ne?" Na ce masa, "Lafiya lau, ɗana, so nake in gani da idona kawai." Ya kira manaja, aka fito da gwangwanin daga ofis, na ƙarfe ne mai faɗin ciki da siririn wuya, a jikin wuyan akwai gilashi mai zane-zanen awo. Aka ajiye shi a daɓe inda ƙasa take daidai, yaron ya buga lita 10 a famfo ya zuba, muka jira kumfa ta kwanta, man ya tsaya a kan zanen tsakiya, bai yi ƙasa ba. Daga nan aka kawo mazurari aka juye mini a tanki na biya. Abin da na fi lura da shi ba sakamakon ba ne kawai, har da yadda aka ɗauko gwangwanin nan take ba tare da an ce mabuɗin ofis yana hannun wani da ya tafi gari ba, kuma manajan bai ɓata rai ba. Gwaji ɗaya a famfo ɗaya ba ya wanke dukan famfunan wurin har abada, amma wurin da yake ɓoye wani abu ba ya saurin fito da ma'auni haka.

Inda na ga aibi shi ne a hannun ma'aikata, ba a jikin na'ura ba. Da yamma idan babura da pragya suka taru, akwai yaron da na gani fiye da sau ɗaya yana cire bututu daga tankin wani ya tura a na wani ba tare da ya mayar da mita sifili ba, yana yin lissafin a ka. Ko da niyyarsa sauri ce kawai, wannan ƙofa ce da ake cutar mutane ta cikinta, domin idan wanda ke gabanka ya sha na sidi 20 kai kuma ka ce a zuba maka na 100, mita za ta nuna 100 alhali na 80 ya shiga tankinka. Na yi wa manaja magana, ya ce zai tsawatar, kuma na ga sauyi na ɗan lokaci, amma da aka kawo sababbin yara sai halin ya dawo. Saboda haka nake fita daga mota duk lokacin da zan sha mai, in tsaya inda nake ganin mita, in faɗi adadin da baki sosai, in ga sifili kafin a fara. Wanda ya zauna a cikin mota ya ɗaga gilashi yana duba waya ya miƙa amanarsa ga yaron da ya wuni a tsaye cikin rana a kan albashi kaɗan.

Sai maganar inganci, wadda ita ce tsoron da ke hana mutane da yawa shiga gidajen mai masu rahusa, suna cewa araha ba ta ado. Tsoron yana da tushe, domin algus yana faruwa, ko a gauraya fetur da wani mai mai arha irin wanda gwamnati ke tallafa wa masunta da shi, ko ruwa ya shiga rumbun ƙarƙashin ƙasa da damina. Don haka ne ake sanya wa man wani sinadari na shaida tun a defo, jami'an NPA kuma su riƙa zagayawa suna ɗibar samfuri su gani ko an sirka shi. Launi ma yana taimakawa, tunda fetur na gama-gari mai lambar daraja (octane) 91 ja ne, mai lamba 95 kuwa kore. A wannan gidan mai ban taɓa samun man da ya sa motata shaƙewa ko fizga ba, kuma bakanikena na unguwar makanikai ta Suame Magazine, wanda ba ya raga wa kowa, da ya kwance fulogai da matatar man motar bai ga abin da ya wuce dattin da aka saba ba. Ya kuma tuna mini da abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da masu motoci da dama suka yi ta kukan fulogai suna mutuwa da wuri saboda yawan sinadarin manganis, har hukuma ta ɗauki matakin rage adadin da aka yarda da shi. Wannan matsala tana cikin man ne tun kafin ya iso gidajen mai, don haka tsadar allo ba ta kare kowa daga gare ta ba. Shawarar da ya ba ni, kuma na ga hikimarta, ita ce in fi amincewa da wurin da ciniki ke gudu, domin man da ake sauke sabo a kai a kai bai cika kwantar da ruwa da laka ba, kuma in guji sha a daidai lokacin da tanka take sauke kaya, saboda dattin gindin rumbu yakan taso.

Littafin ɗan yayata ya fi bakina iya ba da shaida. Yaro ne mai tsari, yana rubuta abin da ya sha da safe, da lambar da mitar tafiya take nunawa, da abin da ya samu, kafin ya cire balas. Hanyar da muka bi wajen gwadawa kowa zai iya binta: a cika tanki har famfo ya katse da kansa, a rubuta kilomita, a yi aiki, a dawo a sake cikawa a rubuta litar da ta shiga, sai a raba kilomitar da aka yi da yawan litar. Ya yi haka da man wannan wuri na wani lokaci, ya yi da na wani babban kamfani, a kan hanyoyi iri ɗaya tsakanin Aboabo da Sawaba da Asokore Mampong, kuma nisan da lita take kai shi bai bambanta ba ta yadda za a ce ga wanda ya fi. Bambancin da ake gani daga rana zuwa rana ya fi alaƙa da cunkoso da nauyin fasinja da iskar taya. Tunda nisan ɗaya ne, rangwamen ya zama riba tsantsa a gare shi, kuma ga mai shan mai kowace rana ta Allah, pesewa 50 a lita kuɗi ne da ake gani a ƙarshen wata, musamman tun da hukumar birni ta taƙaita shigar pragya tsakiyar kasuwa a 2023, aiki ya koma unguwanni inda kuɗin hawa bai taka kara ya karya ba.

Rahusa tana jawo jama'a, kuma filin wannan gidan mai bai kai yawan jama'arsa ba. Mashiga ɗaya ce ƙunƙuntacciya, babu famfon da aka ware wa babura da pragya, saboda haka da safe kafin ƙarfe takwas da kuma bayan la'asar wurin yakan cushe, trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ta tare hanya, masu babura su kutsa ta kowane gefe, mai ƙaramar mota ya zauna yana kallo ana wuce shi. A daren da ake sa ran tashin farashi kuwa layin yakan fito har bakin titi. Na sha wucewa in bar wurin a irin wannan lokaci, domin minti ashirin a layi da inji a kunne da na'urar sanyaya mota tana aiki sun isa su ƙone wani ɓangare na abin da aka zo nema. Lokacin da ya fi daɗi shi ne tsakanin hantsi da azahar, ko bayan sallar isha'i. Injin ba taya iska yakan yi kwanaki a lalace, wurin kama ruwa yana nan amma sai an nemi mabuɗi, kuma idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi ruwa yakan kwanta a bakin mashigar. Rumfar famfunan dai a tsabtace take, akwai abin kashe gobara da bokitin yashi a inda ido ke gani, kuma na ga ana hana mai babur sha yana zaune a kai da inji a kunne, wanda ba kowane wuri ake kula da haka ba.

Wannan ya kawo ni ga lissafin da na ce zai hana na nesa zuwa. A ci gaba da misalin farko, rangwamen pesewa 50 a lita. Mai ƙaramar mota da ya sha lita 20 ya tsira da sidi 10. Idan motarsa tana cin lita guda a kilomita 10 cikin gari, kuma sai ya ratse kilomita 6 kafin ya isa gidan man, ya sake yin 6 ya dawo hanyarsa, to, ya ƙone fiye da lita guda, wato kusan sidi 14, domin ya ceto 10, ban da lokacinsa da abin da cunkoson Anloga ko na Suame zai ƙara masa. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Lissafin yana juyawa ne kawai idan abin da za a sha yana da yawa, kamar mai babbar mota da zai cika tankin lita 70 kafin ya kama hanyar Tamale, ko kuwa idan ratsewar ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu ba. A Kumasi kuma ba a rasa gidan mai na kamfanin gida a kowace babbar hanya, don haka abin da ya fi shi ne mutum ya lura da alluna a kan hanyar da ya saba bi, ya zaɓi wuri ɗaya ko biyu, ya gwada ma'auninsu, maimakon ya riƙa bin jita-jitar majalisa zuwa wancan ƙarshen gari.

Wajen biyan kuɗi, ana karɓar tsaba da MoMo, wato biya ta waya, kuma tun da aka soke harajin tura kuɗi ta waya a watan Afrilu na 2025 na fi son biya ta waya, saboda tana barin shaida kuma tana kawar da rigimar canji. Sai dai akwai ranakun da za a ce maka layin sadarwa ya ɗauke bayan an riga an zuba man, don haka gara ka tambaya kafin a fara. Idan da tsaba za ka biya kuma ka ce a cika tanki, ƙananan pesewa ba sa dawowa, wanda ya sa na koma faɗin adadi dunƙulalle. Rasit kuwa ba a bayarwa sai an nema, kuma ina nema, domin idan mota ta sami matsala bayan shan mai, wannan 'yar takarda mai kwanan wata da sunan wuri ita ce abin da za ka riƙe ka kai ƙara ga NPA, kuma ana so a kai da wuri tun man da ake zargi yana cikin rumbu.

Adalci ne a faɗi abin da ƙarin kuɗin manyan kamfanoni yake saya. A gidajen Shell, wanda kamfanin Vivo Energy yake gudanarwa a Ghana, da na TotalEnergies, akwai fili, akwai kanti, akwai wurin juyen baƙin mai, kuma suna da fetur na musamman irin su V-Power da Excellium da suke cewa an ƙara masa sinadaran wanke inji. GOIL kuwa, wanda ya faro a 1960 da sunan AGIP kafin gwamnati ta saye shi a 1974, shi ne ma'aunin da mutane da yawa suke kwatanta sauran da shi, kuma gasar da kamfanonin gida suka kawo ta sa shi ma yana matsowa ƙasa. Gidan man da nake magana a kansa fetur na gama-gari da dizal kawai na saba gani a famfunansa. Saboda haka wanda littafin motarsa ya ce sai mai lamba 95, kamar yadda yake ga da yawa daga cikin sababbin motoci masu turbo, wannan wuri ba nasa ba ne, kuma kada rangwame ya ja shi ya zuba abin da injinsa bai dace da shi ba. Amma tsohuwar Corolla ko Vitz ko pragya da aka ƙera domin mai na gama-gari ba za ta ƙara gudu ko lafiya a zo a gani ba don an sayo mata mai tsada.

Wata rahusar kuma ba a kan allon kowa take ba, a kalanda take. Kwana biyu ko uku kafin ranar 1 ko ranar 16, ƙungiyar COPEC mai kare masu sayen mai da cibiyar IES sukan fitar da hasashen inda farashi zai nufa, gidajen rediyon Kumasi kuma su yaɗa. Hasashen ba ya cika daidai da lamba kullum, amma da wuya ya kuskure alƙibla. Idan aka ce zai tashi, nakan cika tanki tun ana saura kwana biyu, da rana, kafin layin daren ƙarshe ya haɗu. Idan aka ce zai sauka, sai in sha na kwana biyu kawai in jira allo ya sauya, kuma a nan ne saurin wannan gidan mai wajen sauke farashi yake amfanata. Ɗan yayata ba ya iya wannan dabara sosai, domin tankin pragya ƙarami ne kuma da cinikin jiya yake sayen man yau. Ya taɓa kawo shawarar mu riƙa ciko jarka muna ajiyewa a gida idan an ce mai zai tashi, na hana shi, domin gidan haya muke ciki mai iyalai da yawa, ana girki da gawayi a tsakar gida, yara kuma suna shiga kowane lungu.